Kwalliyar Fitilar Gaba: Abin da Aikin Rewaya Ya Nuna Mini

Ina son kwalliyar fitila, kuma da ita nake samun na cefane a garejinmu na bakin titi a Gumel. Wannan yana son zobe mai haske a cikin fitilar, wancan zaren LED mai gudu idan ya ba da sigina, wani kuma baƙar leda yake so a manna a saman gilashin kamar an rangaɗa wa mota kwalli. Zoben nan kamfanin BMW ne ya fito da shi a 2000, farin hasken LED da ake kunnawa da rana kuwa kamfanin Audi ya fara sa shi a motarsa A8 a 2004. Su tun daga zane suka tsara abinsu. Mu kwaikwayo ake sarowa daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano a ɗora wa tsohuwar Golf.

Abin da maigidana ya fara nuna mini shi ne bango. Duk fitilar da muka taɓa, sai an jira magariba an haska ta a jikin katanga. A dim, wato ƙaramar wuta, hasken ya kamata ya yanke a layi ɗaya, ya ɗan ɗaga ta hannun dama inda masu tafiya a ƙasa suke. Madubin da ke bayan ƙwan an ƙera shi ne daidai da zaren ƙwai irin H4 mai wat 60/55. Ka cire shi ka cusa LED mai arha, sai hasken ya watse ko'ina. Mai mota yana murna fitila ta yi fari tas, mai tahowa kuwa an kashe masa ido. Haka fitilar da aka ciro daga motar Ingila ko Japan: ta hagu take ɗagawa, mu kuma tun 1972 hannun dama muke bi.

A nan ne abin yake damuna. Daren Alhamis, idan kasuwar Maigatari ta tashi, hanya cike take da amalanken shanu da babura marasa danja. Direban da aka dallare wa ido na daƙiƙa biyu ba zai ga amalanke ba. Baƙar leda tana cinye haske, shuɗin ƙwai kuma a cikin hazo dawo maka yake yi a fuska.

Buɗe fitila ma sai da haƙuri. Ana ɗumama gam ɗin a hankali, idan kuma ba a liƙe da kyau ba, ruwan farko na damina zai sa ta yi gumi daga ciki, madubin ya dushe.

Shi ya sa idan saurayi ya zo da hoto a waya, maigida kan ce: "Ɗana, zobe zan sa maka, amma ƙwan nan ba zan taɓa shi ba." Wasu su yi fushi su tafi wani gareji. Waɗanda suka tsaya, mukan fara da goge musu gilashin da rana ta mayar rawaya, sannan mu saita tsayin hasken kafin a zo maganar zobe.