Wa ya raba su? Yadda ake gane tsarin gwaji a binciken lafiya da na ilimi

Ɗalibanmu Hausawa da ke digiri na biyu a Madina da Makka da Jidda sukan zo da takardar bincike a hannu, tambayarsu ɗaya: wannan «tajribi» ne, wato gwaji cikakke, ko «shibhu tajribi», wato mai kama da gwaji? Yawanci taken takardar suke dubawa, ko abin da marubucin ya kira aikinsa a gabatarwa. Nan ne kuskuren yake farawa. Kundaye da yawa suna cewa gwaji ne cikakke alhali ba shi ba ne, wasu kuma sun yi aiki mai kyau amma sun ba shi sunan da bai dace ba. Ka bar take, ka wuce kai tsaye babin da ke bayanin yadda aka gudanar da aikin, ka nemi wanda ya raba mutanen zuwa rukuni-rukuni da kuma yadda ya raba su.

Kafin nan akwai tambaya mai sauƙi: shin mai binciken ne da kansa ya shigo da abin da ake gwadawa? Idan ya tarar da masu shan taba da marasa sha, ya auna huhunsu, kallo ya yi, komai yawan lissafin da ya biyo baya. Haka wanda ya kwatanta sakamakon yaran da ke zuwa halƙar hadda da na waɗanda ba sa zuwa. Iyaye ne suka raba waɗannan yara, kuma gidan da ke kai yaro halƙa bayan la'asar yana iya bambanta da wanda ba ya kaiwa ta fuskoki goma. Gwaji yana farawa ne daga lokacin da mai bincike ya ce wannan za a ba shi magani, ko za a koyar da shi da sabon salo, wancan kuma a'a.

Da ka tabbatar da haka, sai ka ƙirga rukunoni. Idan rukuni ɗaya ne, aka auna shi, aka yi masa abin, aka sake aunawa, wannan yana cikin mafiya rauni a tsare-tsaren, kuma shi ɗalibai suka fi so saboda sauƙinsa. Ɗauki misalin wanda ya tara masu hawan jini arba'in a asibitin unguwa cikin watan Sha'aban, ya yi musu darasin rage gishiri, ya sake auna su a Shawwal. Jininsu ya sauka, amma azumi ya gitta a tsakani, ya canja musu lokacin ci da barci da shan magani. Wa zai iya rantsuwa cewa darasin ne? Akwai kuma wata matsalar da ba a cika lura da ita ba. Ya zaɓo su ne saboda awonsu ya yi sama a ranar da aka auna. Cikinsu akwai wanda ya yi sauri a rana, akwai wanda ganin likita ke tayar wa hankali. Ko ba a yi musu komai ba, awo na biyu zai fi kusa da matsakaicinsu na kullum. Haka yake ga malamin da ya ware yara goma da suka fi faɗuwa a jarrabawa ya ba su ƙarin darasi: wasunsu za su tashi ko da bai ce musu uffan ba.

Shi ya sa ake buƙatar rukunin kwatance, wanda a kundayen Larabci za ka ga an kira shi «majmu'a dabiɗa». Azumin da ya gitta wa waɗannan ya gitta wa waɗancan, sai bambancin da ya rage ya zama abin dubawa. Amma samun rukuni biyu bai isa ba, kuma a nan ne ya kamata mai karatu ya zauna ya natsu.

Kalmar «ashwa'i», wato ta hanyar ƙuri'a, tana zuwa a wurare biyu daban, ana kuma cakuɗa su kullum. Akwai ƙuri'ar zaɓo waɗanda za su shiga binciken daga cikin jama'a. Akwai ƙuri'ar raba waɗanda suka riga suka shiga zuwa rukunin gwaji da na kwatance. Ta biyun ce kawai ke mayar da bincike gwaji cikakke. Mutum zai rubuta cewa ya zaɓi makaranta ɗaya da ƙuri'a daga cikin makarantun gari, sannan shugaban makarantar ya ba shi aji «alif» da aji «ba». Ƙuri'ar farko ba ta taɓa rabon ba ko kaɗan. Wannan shibhu tajribi ne, rukunoni marasa daidaito da awon kafin da na bayan, kuma ba laifi ba ne a kira shi da sunansa.

Ƙuri'a ta gaskiya tana da alamomi. Marubucin zai faɗi yadda aka samar da jerin lambobin, da kwamfuta ko da teburin lambobi, zai kuma faɗi yadda aka ɓoye jerin ga wanda ke shigar da mutane. A gwajin maganin tarin fuka na sitireftomaisin da Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta wallafa a 1948, marasa lafiya 107 ne, an raba su da lambobin ƙuri'a da aka rufe cikin ambulan, don kada likita ya san inda na gaba zai faɗa kafin ya karɓe shi. Ɓoyewar tana da muhimmanci kamar ƙuri'ar kanta. Ambulan ya kasance mai kauri wanda ba a ganin cikinsa ko an ɗaga shi ga fitila, a manne, da lamba a jere a bayansa, kuma a rubuta sunan mara lafiya a kai kafin a buɗe. Idan ka karanta cewa masu zuwa ran Lahadi da Talata sun shiga rukunin gwaji, sauran ranaku na kwatance, ko an bi lambar fayil mai mara da maras mara, ko an yi ɗaya nan ɗaya can, to ba ƙuri'a ba ce. Ma'aikaciyar jinya ta san inda na gaba zai shiga, kuma tausayi kaɗai ya isa ya sa ta ce wa dattijuwa mai jin jiki ta dawo gobe don ta samu sabon maganin.

Sai abin da aka jefa wa ƙuri'ar: mutum ne, ko aji, ko makaranta, ko hema? Misali mafi kusa da mu yana Mina. A aikin Hajjin 2013 da 2014 da 2015 an yi gwajin takunkumin fuska a tsakanin alhazai, aka wallafa sakamakon a 2020. Ba a raba mutum-mutum ba, hemomi aka raba, guda 318, da alhazai fiye da 7,000. Duk wanda ya kwana a Mina ya san dalili. Katifu a jere kafaɗa da kafaɗa, na'urar sanyaya ɗaki ɗaya na hura wa kowa, mai tari a wancan lungu kowa na jinsa. Ba yadda za a ba wannan takunkumi a hana maƙwabcinsa, kuma kariyar ɗaya tana shafar ɗayan. Duk da wannan tsari, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na rukunin gwaji suka riƙa sa takunkumin kullum, a rukunin kwatance kuma wasu sun sa nasu. Binciken bai nuna cewa takunkumin ya rage kamuwa ba, amma da irin wannan cakuɗuwa ba za a ce ya yanke hukunci a kan takunkumin ba. Tsarin yana nan a matsayin gwajin ƙuri'a na gungu-gungu. Biyayya ce ta yi ƙaranci, kuma mai karatu ya raba waɗannan abubuwa biyu.

Rabon gungu yana da farashi a lissafi, kuma nan ne kundayen tarbiyya, wato na fannin ilimi, suka fi zamewa. Yaran aji ɗaya suna kama da juna: malami ɗaya, lokaci ɗaya, sau da yawa unguwa ɗaya. Ana auna wannan kamanni da wani adadi tsakanin 0 da 1. A ce a wani bincike ya zama 0.2, kowane aji kuma yana da yara 40. Ka cire 1 daga 40, ka ninka 39 da 0.2, ka ƙara 1, ka samu 8.8. Yara 400 a azuzuwa goma, idan ka raba da 8.8, ƙarfinsu bai wuce na yara 45 da aka raba ɗaiɗai ba. Wanda ya jefa kwabo tsakanin azuzuwa biyu kacal, sannan ya yi lissafi kamar yana da mutum 80 masu zaman kansu, ya yaudari kansa. Abin da yake da shi guda biyu ne, kuma ba zai iya raba tasirin salon koyarwa da tasirin malamin ba. A nan Saudiyya da makarantun maza da na mata suke daban, idan aka sa makarantar 'yan mata a rukunin gwaji, ta maza a kwatance, jinsi da malamai da salon duk sun haɗe wuri guda. Gwajin STAR da aka fara a jihar Tenesi ta Amurka a 1985 ya kauce wa wannan: a cikin kowace daga makarantu 79, an raba yara da malamai duka da ƙuri'a zuwa ƙananan azuzuwa masu yara 13 zuwa 17 da na yau da kullum masu 22 zuwa 25.

Hanya mafi sauri ta gane tsari ita ce ka zana shi a gefen takarda, kamar yadda Campbell da Stanley suka tsara a 1963: R ga ƙuri'a, O ga kowane awo, X ga abin da aka yi. Layi ɗaya na O X O shi ne wancan mai rauni. Layi biyu, R O X O a sama da R O O a ƙasa, gwaji cikakke ne. Cire R ɗin, ya koma shibhu tajribi. Layi huɗu da biyu daga ciki ba su da awon farko, tsarin Solomon ne na 1949, wanda aka yi don gano ko jarrabawar farko ce da kanta ke koya wa yara amsa. Idan kowane mutum ya sha maganin farko, aka dakata har ya fita daga jikinsa, sannan ya sha na biyu, wasu kuma suka fara da na biyun, tsarin musanya ne. Ya dace da ciwon da ke zaune kamar asma, bai dace da koyarwa ba, domin ba a goge abin da yaro ya koya. Idan an gwada abubuwa biyu a rukunoni huɗu, wannan kaɗai, wancan kaɗai, duka biyu, da babu ko ɗaya, tsari ne mai haɗa dalilai. Idan kuma kowa zai samu a ƙarshe amma ƙuri'a ce ke faɗin wa zai fara, tsarin matakala ke nan, irin wanda aka bi a Gambiya tun 1986 wajen shigar da rigakafin ciwon hanta nau'in B yanki bayan yanki.

Wani lokaci ƙuri'a ba ta yiwuwa sam. Bayan ɓarkewar sanƙarau nau'in W135 a Hajjin 2000 da 2001, an wajabta wa alhazai rigakafi mai kare nau'i huɗu. Ba wanda zai yarda a hana rabin alhazai allura don a kwatanta. Mai son auna tasirin irin wannan doka sai ya jero alƙaluman shekaru da yawa kafinta da bayanta, O O O O X O O O O, ya duba ko layin ya karye a daidai inda dokar ta shigo. Ƙarfinsa yana cikin yawan awon: awo ɗaya kafin da ɗaya bayan bai nuna ko dama abin yana sauka.

Abu na ƙarshe da za ka duba shi ne adadin da aka fara da shi da wanda aka gama da shi. Mujallun lafiya masu bin CONSORT, wato ƙa'idar rubuta rahoton gwaji, suna sa zane mai nuna mutum nawa aka raba, nawa suka fice, da dalilinsu. Idan an fara da 60 a kowane rukuni, aka ƙare da 41 a na gwaji da 58 a na kwatance, ka tambayi ina sha taran nan suka tafi. In waɗanda maganin ya dama ne suka daina zuwa, ko yaran da darasin ya yi wa nauyi suka janye, waɗanda suka rage ba ƙuri'a ce ta zaɓe su ba. Gyaran shi ne a lissafa kowa a rukunin da ƙuri'a ta fara jefa shi, ko ya kammala ko bai kammala ba. A kundayen tarbiyya da wuya ka ga irin wannan zane, don haka ka ɗauko adadin da ke babin hanyar bincike ka gwada shi da wanda ke saman teburin sakamako, tun kafin mushrif, wato malamin da ke duba aikinka, ko ɗan kwamitin munaƙasha, wato zaman kare kundi, ya riga ka.