Wai zanen yatsa na nuna mai yawan damuwa?

Tun da jarrabawar bak ta kammala sakandare ta matso yaran Maradi ke ta tura wa juna wata magana a WhatsApp, wai ka duba babban yatsanka, in zanen mai zagaye ne to kai mai yawan fargaba ne, haka aka halicce ka. Abin na damuna wallahi, don wasu sun ɗauke shi da gaske.

Ba wai maganar ba ta da tushe kwata-kwata ba. Zanen nan tun jariri na ciki yake fara fitowa, wajen sati 10 zuwa 13, kafin wata 6 ya gama zama, kuma fata da ƙwaƙwalwa tushensu ɗaya a farkon halitta, shi ya sa masana suka yi tunanin abin da ya taɓa ɗaya zai iya barin alama a ɗayar. Harold Cummins na Amurka, wanda ya raɗa wa fannin nazarin zanen yatsa da tafi suna a 1926, ya nuna cewa yara masu larurar Down, wadda ake haihuwar yaro da ita tana rage masa saurin girma da koyo, zanen tafinsu na da bambanci. Amma wannan daban, fargaba daban. Binciken da ake yi kan damuwa galibi ɗalibai kaɗan ake tarawa a ɗauki zanensu a ba su tambayoyi, wannan ya ce kaza wancan ya ce akasin haka, ba likitan da ke gano cutar da shi.

Kuma ku duba lissafi mana. Tun 1892 wani masanin Ingila, Francis Galton, ya kasa zanen gida uku, mai lanƙwasa, mai zagaye da mai siffar baka. Cikin yatsu 100 wajen 60 masu lanƙwasa ne, wajen 30 masu zagaye, ke nan in aka duba yatsu goma, mafi yawanmu ba za su rasa mai zagaye ko ɗaya ba. Duk mun zama masu ciwon kenan?

Abin da fargaba ke yi wa yatsa da gaske zufa ce. Kan layukan nan akwai ƙananan ramukan zufa, in gaba ya faɗi sai tafi ya jiƙe ya yi sanyi, biro na zamewa, takarda na manne wa hannu ko da lokacin hunturu ne. Zanen kuwa yana nan yadda yake har tsufa, ita damuwa zuwa take ta tafi, tana bin jarrabawa da tsadar hatsi da diploma a ƙasan akwati ana kabu-kabu.

Ƙannena, wanda ya kwashe makonni barci ya ƙi zuwa, zuciya na bugawa, abinci ba ya shiga, ya faɗa wa wani babba a gida ya raka shi asibiti, kar ya je wajen masu tallar tramol.