Laraba a ɗakin gwaje-gwaje, Jos

Da sanyin safiya na isa wurin aiki, hunturu ya sa yatsuna sun ƙandare har sai da na ɗumama su kafin na iya sa safar hannu. Aikin yau shi ne samfuran IgG da muka tace jiya daga ruwan jini, wato antibodin (furotin garkuwar jiki mai cafke ƙwayar cuta) da ta fi kowace yawa a jinin ɗan Adam. Nauyinta ya kai kimanin dalton (ma'aunin nauyin ƙwayoyin sinadarai) 150,000, kuma sarƙoƙi huɗu ne suka haɗa ta, biyu masu nauyi, biyu marasa nauyi.

Da yake rassanta biyu masu cafke ƙwayar cuta sun sha bamban daga wannan antibodi zuwa waccan, idan aka zuba ta ɗungurungum cikin na'urar auna nauyin sinadarai, babu abin da zai fito a allo sai tudu guda marar fasali. Shi ya sa muka sa mata enzayim ɗin IdeS, wanda ake samu daga bakteriyar Streptococcus pyogenes, ya yanke ta a ƙasan gaɓar da ke haɗa rassan da gindinta, muka ware gindin da ake kira Fc, wanda kowane rabinsa ke da nauyin kusan dalton 25,000. Bayan azahar sakamako ya fito tsaf: tsinaye a jere, tsakanin kowane da na kusa da shi dalton 162, nauyin sukarin galaktos guda ɗaya na reshen sukarin da ke maƙale a asparajin ta 297 (asparajin ɗaya ce daga amino asid, tubalan da ke gina furotin). A samfuri ɗaya, tsinin da ba shi da galaktos ya fi sauran tsayi sosai. An san wannan sukari yana raguwa da tsufa da kuma a cutar kumburin gaɓoɓi ta rumatoyid, amma na rubuta abin da na gani kawai, domin hukunci aikin likita ne.

Inda muka daɗe muna musu shi ne kan samfuran da ɗalibarmu ta narka da tiripsin, enzayim mai daddatsa furotin gutsure-gutsure, ta bar su suka kwana a ma'aunin zafi 37. Ta ga wani gutsure ya ƙaru da dalton 0.984, ta zo da murna ta ce, “Malam, ina ganin mun samu sabon nau'i.” Wannan ƙari yana nufin asparajin ta rikiɗe zuwa wata amino asid mai suna aspatik, kuma hakan yana faruwa a cikin jiki, ba shakka. Sai dai yana faruwa a kwalbar gwaji ma, musamman idan ruwan ya karkata zuwa alkali aka kuma bar shi cikin ɗumi tsawon dare. Na'ura ba ta san inda canjin ya auku ba, nauyi kawai take bayarwa.

Ba ta ji daɗi ba, amma ta yarda gobe mu raba samfurin biyu, mu narka rabi na ɗan lokaci a ruwa mai ɗan tsami, mu bar ɗaya rabin ya kwana kamar da. Ta riga ta haɗa ruwan ta sa a firji kafin la'asar.