Allurar rage ƙiba babu ordonansi

Wallahi abin nan yana damuna a Damagaram. Yanzu ta WhatsApp mata ke sayen Ozempic, babu ordonansi babu awo, wai su rage tumbi kafin biki, alhali allurar masu ciwon suga ce, ita Wegovy ma, wadda aka yi don rage ƙiba, sai BMI ɗinki (awon nauyi bisa tsayi) ya kai 30, ko 27 in akwai hawan jini ko suga, kuma lokotoro ne zai duba. Wata ƙawata ko teɓa ba ta da ita amma ta yi, sai amai, lomar tuwo ma ta gagare ta.

Kuma fa a firijo ake ajiye ta 'yan'uwa, da zafin garin nan wa ya san yadda ta sha rana a hanya? Ga jabu, hukumar lafiya ta duniya OMS ta yi gargaɗi kansu a 2024.