Nawa Koci Yake Samu a Karkara? Labarin Wani Aiki da Muka Karɓa

Ɗaki ɗaya ne ofishinmu a Gumel: tebur biyu, kwamfuta ɗaya, da sola a kan rufi saboda cajin wayoyi. Sana'armu tattara bayanai. A ba mu tambayoyi, mu shiga ƙauyuka da kasuwanni mu nemo amsa, mu tsara ta, mu miƙa wa mai aiki. Yawancin abin da muke yi farashin hatsi da dabbobi ne, ranar Alhamis a Maigatari, ranar Lahadi a Gujungu, sai kuma ƙirga manoman riɗi da zoɓo, ko duba yadda yara ke zuwa makaranta da damina. Idan aiki ya samu nakan kira matasan da na horar, maza da mata, galibinsu masu NCE da difloma da ke zaman jiran aiki. Kowa da wayarsa, da manhajar KoboCollect a ciki. Tana aiki ko babu sabis, sai an dawo gari a tura abin da aka cike.

Wata ƙungiya mai harkar matasa ce ta neme mu. Suna so su san nawa ake biyan masu horar da 'yan wasa a karkara, saboda suna shirin ba da tallafi kuma ba sa son yanke adadi da ka. Takardar da suka aiko gurbi ɗaya gare ta a kan kuɗi, wato albashin wata. Da na karanta sai na kira jami'insu na ce, "Yallaɓai, idan muka fita da wannan takarda za mu dawo maka da sifili shafi bayan shafi, kuma sifilin ba zai zama gaskiya ba. Wasu kuma za su faɗi wani adadi don kada a raina su, shi ma ba gaskiya ba ne. Ku ba mu dama mu sake gina tambayoyin." Mutumin kirki ne, ya saurara, ya ce mu aiko da namu tsarin su duba.

Kafin tambaya ma, sai an san wa za a tambaya. Jigawa tana da ƙananan hukumomi 27, kuma babu wani ofishi da za ka je ka ɗauko sunayen duk masu horar da yara a cikinsu. Ƙungiyoyin da suka yi rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha an san su, amma mafi yawan ƙungiyoyin ƙauye ba su da ko takarda ɗaya. Don haka da ƙafa muka haɗa jerinmu. Masu gidajen kallon ƙwallo sun taimaka, malaman firamare ma haka, amma babu wanda ya kai alƙalan wasa amfani. Alƙalin wasa ɗaya da ake ɗauka haya ya san kowace ƙungiya a gunduma uku ko huɗu, ya san kocinta, ya san mai ɗaukar nauyinta, ya ma san wadda ta watse bara saboda rigimar kofi.

Kowane gari muka shiga, ƙofar dagaci muke fara zuwa. Bayan gaisuwa nakan ce, "Allah ya ja zamaninka, mu ba masu karɓar haraji ba ne, kuma ba sunayen masu karɓar tallafi muka zo rubutawa ba." Wannan magana ta biyu ita ce mai nauyi. Da zarar an ji ƙishin-ƙishin cewa akwai rabo a gaba, kowa zai zama koci kafin la'asar, na gaskiyan kuma zai rage abin da yake samu don kada a tsallake shi. Haka nan ba ma yi wa koci tambayar kuɗi a bakin fili. Yaransa suna kewaye da shi, suna kiransa "Koci" cikin girmamawa, ta yaya zai buɗe baki a gabansu ya ce bai taɓa karɓar ko kwabo ba? Mukan gaisa a fili, mu kalli atisaye, sannan mu nemi lokaci da safe a shagonsa ko bayan isha'i a zaurensa.

Masu horarwar ba iri ɗaya ba ne, kuma duk wanda ya zuba su a kwando ɗaya ya ɓata aikin tun daga tushe. Akwai malamin wasanni na makarantar gwamnati, wanda albashinsa na koyarwa ne, horar da ƙungiyar makaranta ɗori ne kawai. Akwai wanda makarantar kuɗi ke ɗauka idan gasar gidaje ta ƙarato, a sallame shi bayan an raba kyaututtuka. Akwai kocin ƙungiyar da ke da uba, wani Alhaji ko kansila, mai ba da abin da ake kira kuɗin sabulu duk ranar da ya tuna. Sai kuma kaso mafi yawa, wato tela, ko ɗan acaɓa, ko manomi, ko mai cajin waya, wanda ya buga ƙwallo da ƙuruciya, gwiwa ta hana shi ci gaba, ya tara yaran unguwa yana koya musu. Mata ba su da yawa a jerin, kusan dukkansu malaman motsa jiki ne a makarantun 'yan mata, kuma ma'aikatanmu mata ne suka zanta da su. Dambe da kokawa kuwa tsarinsu daban ne. Mai koya wa yaro dambe ubangidansa ne, rabonsa yana cikin abin da aka yi wa yaron kari a fage, musamman da kaka, don haka muka ware musu shafinsu.

Tambayoyin da muka gina ba su fara da "nawa ake biyanka" ba. Mukan fara da wasan ƙarshe da ƙungiyarsa ta buga: a ina aka yi, da me aka tafi, wa ya biya mota, wa ya sayi ruwan leda, an ba ka wani abu bayan an tashi? Mutum yakan tuna wasa ɗaya tsaf, har da wanda ya ci ƙwallo. Daga nan mu koma baya lokaci-lokaci: damina, da yara ke gona fili ya zama ciyawa, kaka, da kuɗi ke hannun mutane ana ta shirya kofi, rani, azumi, gasar Sallah, da kuma shekarar zaɓe, lokacin da riguna masu hoton ɗan takara ke cika filaye. Wanda ya tambayi koci samunsa a watan Sallah ya ninka sau goma sha biyu, daidai yake da wanda ya auna kogin Haɗeja a watan Agusta ya ce haka ruwan yake duk shekara.

Sannan ba komai ke zuwa a kuɗi ba. Uban wani yaro ya aiko da kwanon gero biyu. Wani ya zuba masa mai a babur. Uban ƙungiya ya yi masa yadi da Sallah, ko ya ba shi taki da za a fara shuka. A nan tsohon aikinmu ya yi mana rana, domin muna da littafin farashin kasuwa na kowane mako, sai mu duba nawa kwanon gero yake a makon da aka ba shi, mu rubuta kimarsa. Kwanan wata ma wajibi ne a kan kowane adadi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin da a da yake kai ƙungiya wasa gari na gaba ya dawo da ita, yanzu zuwa kaɗai ba ya isa.

Shafin da ya fi taɓa ni shi ne na abin da ke fita daga aljihun koci. Wani tela da na zanta da shi da kaina ya ɗaga ƙyallayen da ke kan kekensa ya zaro littafin rubutu irin na 'yan firamare, bangonsa ya yi baƙi da man keke. A ciki ya ja layi da biro, sunayen yara a hagu, karo-karon mako a dama, wasu da alamar biya, da yawa babu. A ƙasan kowane shafi akwai layi ɗaya da ya rubuta sunansa, da abin da ya cika daga kuɗin ɗinki. Ya buɗa mini wani shafi ya ce, "Malam, wannan ranar ce yaro ya karye a hannu. Ubansa ba ya gari, ni na kai shi wurin mai ɗori." A ƙarƙashin tebur akwai ƙwallo biyu, ɗaya an yi mata faci da zaren baduku har sau uku, fatar ta koɗe ta koma ruwan ƙasa. Na tambaye shi ko yana ɗaukar wannan a matsayin bashi da za a biya shi wata rana. Ya ce a'a, yana rubutawa ne don kada wani ya ce ya ci kuɗin yara.

Idan ka tara abin da ya shigo masa a shekara ka cire abin da ya fita, saura ba ya kai sifili, ƙasa yake yi. Manhajar da farko ba ta karɓar adadi mai alamar ragi a wannan gurbi, sai da muka gyara ta, domin irinsa ba shi kaɗai ba ne.

Alƙaluman da muka samu mallakar masu aikin ne, ba ni da hurumin bazawa. Amma yadda muka lissafa nawa ne, kuma a kansa na fi tsayawa kai da fata. An so mu ba da adadi ɗaya a shafin farko. Na ce a ɗauka, a misali, koci goma ne, tara ba sa samun komai, ɗaya yana karɓar naira 100,000 a wata. In ka tara ka raba goma za ka ce kowanne yana samun 10,000, alhali babu mutum ɗaya a cikinsu da ke karɓar hakan. Wanda ya karanta a ofis zai ce ai suna ɗan samu. Saboda haka muka jera amsoshin kowane rukuni daga ƙarami zuwa babba, muka ɗauki na tsakiya, muka nuna mafi ƙanƙanta da mafi girma, kuma ba mu haɗa albashin malamin gwamnati da samun tela ba. A gefe muka ajiye ma'aunin da kowa ya sani, wato mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda ya tashi daga naira 30,000 na shekarar 2019 zuwa 70,000 a 2024, domin mai karatu ya ga tazarar da idonsa.

Akwai tambaya biyu da na ƙara da kaina. Ta farko a kan takardar shaida. Mai son zama cikakken koci a Najeriya yakan nemi kwas a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas, ko lasisin CAF, wato hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, wanda ake hawa mataki-mataki daga D zuwa C, B da A. Ga mutumin da ke ɗinki a ƙauyen Gagarawa, kuɗin mota da masauki kaɗai sun isa su hana shi, kuma babu babbar ƙungiyar da za ta ɗauke shi ba tare da takarda ba, komai iyawarsa. Ta biyu a kan yaran da suka wuce gaba. Kowane koci yana da burin ganin yaronsa a Jigawa Golden Stars ko Kano Pillars, wadda ta ci gasar ƙasa a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Dokar FIFA ta ce idan aka sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Sai dai da rajista ake bin wannan haƙƙi. Yaron da ya shekara biyar a hannun tela ba tare da an rubuta shi a ko'ina ba, a idon doka babu wanda ya raine shi. Da yawa daga cikin waɗanda muka zanta da su ranar suka fara jin wannan doka, kuma na umarci ma'aikatana su tsaya su yi bayani ko da zai ci lokacinmu.

Ta fuskar kasuwanci, irin wannan aiki ribarsa kaɗan ce. Ni da yini nake biyan ma'aikata, ba da yawan takardun da suka cike ba, don wanda ake biya da takarda wata rana zai zauna a gindin bishiya ya cike goma da kansa. Manhajar tana nuna inda aka yi hira da tsawon lokacin da ta ɗauka, kuma nakan zaɓi wasu in sake kiransu in ji ko an zo. Masu aiki kashi-kashi suke biya, na ƙarshe sai an karɓi rahoto, amma yaran da suka sha rana ba za su jira ba, daga aljihuna nake sallamarsu.

Sirri kuma ba abin ciniki ba ne a wurinmu. Sunan kowane koci lamba muke mayar da shi kafin bayanin ya bar ofis. Wani uban ƙungiya ya aiko a tambaye ni me kocinsa ya faɗa a kansa. Na je da kaina na gaishe shi na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, amana ce. Da kai ka ba ni amsa, haka zan riƙe taka." Bai ji daɗi ba, amma bai sake aikowa ba.

A shafin ƙarshe na rahoton na rubuta shawarata a fili. Idan za a ba da tallafi, kada a tsaya ga alawus na wata kawai, don alawus ɗin zai tafi ne a kuɗin mota da ruwan leda kamar yadda kuɗin ɗinki ke tafiya. A fara ɗauke musu abin da ke cin aljihunsu: ƙwallaye, akwatin magani, kuɗin rajistar ƙungiya da na yara, da kawo kwas na matakin farko kusa da su, Dutse ko Haɗeja ko nan Gumel. Na kuma nemi a bar mu mu sake zagayawa bayan kaka mai zuwa da tambayoyin nan dai, a wurin mutanen nan dai, domin a ga ko layin da tela ke cikawa a ƙasan shafi ya ragu. Sun amince da wannan, har mun fara sabunta lambobin waya.