Na sha kunun aya a Balensiya

Jama'a, yau abin mamaki ya same ni a ƙasar Sifen. Da rana tsaka zafi ya ishe ni a Balensiya, kantuna duk sun rufe, domin a nan ƙarfe 2 na yi masu ƙananan shaguna kan ja ƙofa su tafi cin abinci da iyali, sai wajen ƙarfe 5 su dawo. Na samu wani ɗan shago a buɗe, wata dattijuwa ta miƙo mini wani abin sha a kofi, mai sanyi, fari ƙal. Kurɓa ɗaya na yi na tsaya cak. Wallahi kunun aya ne!

Su orchata suke ce masa, ayar kuma chufa. Nasu babu dabino, babu kwakwa, babu citta: aya, ruwa da sukari kawai. Akwai wani dogon burodi mai zaƙi, farton, da ake tsomawa ciki.

Dattijuwar ta ce a Alboraya ake noman ayar, nan bayan gari. A haƙe ta da sanyin hunturu, a wanke, a shanya wata uku ana juyawa. Har hukuma gare su mai tantance ayar yankin, ta buga mata tambari. Duk da haka ba ta isarsu, sai sun sayo daga Nijar, Mali da Burkina Faso.

Nan ne jikina ya yi sanyi. Na tuna matan da ke durƙushe cikin rairayin Maraɗi suna tsintar aya ɗaya bayan ɗaya, a auna musu a tiya. Na nemi kofi na biyu, na zauna har aka fara buɗe shaguna.