Layin rawaya da ke zagaye leya a GIMP

Na daɗe ina haɗa katin gayyatar biki a GIMP, manhajar gyaran hoto, kafin in fahimci ma'anar layin nan mai ɗigon rawaya da baƙi da ke zagaye leya, wato ɗaya daga cikin shafukan da ake ɗora wani kan wani su haɗu su zama hoto guda. Wata rana ina shafa launi a gefen hoton wani ango, sai na lura cewa da zarar buroshi ya tsallake wani wuri launin ba ya fita. Na zargi kwamfutar, ashe na fita ne daga iyakar leyar da nake aiki a kanta.

A GIMP kowace leya tana da faɗinta da tsawonta, daban da girman hoton gaba ɗaya. Idan na buɗe takardar A4 mai faɗin fiksel 2480 da tsawon 3508 (fiksel su ne ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto), wanda shi ne girman da ya dace da bugawa a ɗigo 300 a kowane inci, sannan na shigo da hoton da aka ɗauka da waya, zai zo da nasa girman, ko dai ya zauna a tsakiya kamar tabarma a tsakar gida, ko kuma ya zarce gefen takardar. Abin da ya zarce bai ɓace ba, yana nan a ɓoye, kuma zai bayyana idan aka ja leyar.

Inda na fi ganin masu koyo suna yin asara shi ne wajen rarrabe umarni biyu da suke kama da juna. Na farko yana miƙa hoton da ke cikin leyar ko ya ƙanƙance shi, kuma duk lokacin da aka yi haka sai manhajar ta sake lissafin fiksel ɗin, shi ya sa hoton da aka rage sannan aka sake ƙara masa girma yake fitowa dishi-dishi, fuskar amarya ta rasa kaifinta. Na biyu kuwa iyakar kaɗai yake faɗaɗawa, ya ƙara fili wanda babu komai a ciki ba tare da ya taɓa hoton ba, kuma shi ne maganin matsalar da na fara da ita. Akwai na uku da ke daidaita leya da girman takarda, amma ya kamata a sani cewa yana yanke duk abin da ya zarce gefe, don haka nakan kwafi leyar tukuna in ajiye.

Game da matsayi, na daina dogaro da ido. Ana fara ƙirga daga kusurwar sama ta hagu, wato 0 da 0, lambobi suna ƙaruwa zuwa dama da kuma zuwa ƙasa. Idan faɗin leyar rubutu 1800 ne a kan waccan takarda, sai in cire shi daga 2480, in raba 680 biyu, in rubuta 340 a matsayin tazarar hagu, rubutun ya zauna a tsakiya cif. Karkacewar da ba ta fitowa a allon kwamfuta takan fito fili bayan an buga kati ɗari biyu, lokacin da gyara ya riga ya wuce.

GIMP 3.0 da ya fito a watan Maris na 2025 ya zo da zaɓin da ke barin leya ta faɗaɗa da kanta idan buroshi ya kai iyakarta. Na ji daɗinsa ƙwarai wajen zane, amma a aikin kati nakan bar shi a kashe, domin ina son girman kowace leya ya tsaya a kan lambar da na rubuta da hannuna.